Neman shawara: wane labari za mu ɗauka da kamara ɗaya a Tahoua?

Sanusi: Salamu alaikum manyanmu. Mu shida ne a fadarmu nan Tahoua, muna son yin gajeren fim na minti 15. Abin da ke hannu: kamara ɗaya da batir biyu, mikoro guda na maƙalawa a riga, moto, da jaka 150 da muka tara. Ƴan wasa huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Labari ne ya raba kanmu. Wani barkwanci yake so, wani ban tsoro, wani mai sa zullumi, ni kuma na kasada a daji. Ku taimaka muna da labarin da zai yiwu, ku kuma nuna muna inda ake faɗuwa.

Malam Idi: Wa alaikumus salam, Sanusi. Ku fara da lissafi kafin gardama. Shafi ɗaya na sinariyo, wato rubutaccen labarin fim, kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan shafi 15 za ku rubuta, wuraren ɗauka kada su wuce uku. Da kayanku, na zullumi ya fi dacewa.

Ga ƙashin labari. Dillalin albasa ya sa kuɗin manoma cikin buhu, ya ba yaronsa ya kai tasha kafin motar Galmi ta tashi bayan la'asar. A bakin tasha buhun ya musanya da na wata mata, iri ɗaya sak. Mai kallo ya ga musanyar, yaro bai gani ba. Ƙarfin fim ɗin yana wurin nan: mu mun sani, shi bai sani ba. Agogo kuwa kyauta kuka samu, kiran azahar ya buɗe fim, kiran la'asar ya rufe. Ɗan kabu-kabun da ke yawo da shi neman buhu ya gane matar tun farko, ya yi shiru don bashi ya ci masa wuya. Kada ku maishe shi mugu tsantsa, a bar shi yana kokawa da zuciyarsa har minti na 12.

Abin da ke kashe irin wannan labari salula ce. Mai kallo zai ce, mi ya hana shi ya kira maigidansa? Don haka a fitowar farko ku nuna cajin salular yaron ya kusa ƙarewa, ta mutu a minti na huɗu. In ba ku shuka shi da wuri ba, za a ce dabarar marubuci ce.

Hajiya Rabi: Malam Idi, labarinka ya yi, amma tasha da tsakar rana da mikoro ɗaya? Hon ɗin motoci zai cinye maganar, kuma rabin jama'a kamara za su zuba wa ido. Sanusi ɗana, ni barkwanci zan ba ku, a gida ɗaya za ku gama.

Magidanci ya ari ragon maƙwabci ya ɗaure a ƙofar gida don surukinsa da zai zo gab da Layya ya gani. Suruki ya shafa rago, ya yi godiya, ya zaci nasa ne aka saya masa. Ƙarya ta hau mataki uku, kowane ya fi na baya nauyi: farko ya ce rago ba shi da lafiya, suruki ya kawo mai duba dabbobi. Sai ya ce an sace, maƙwabci ya ji labari ya ɗauka da gaske ne ya tara unguwa. Na uku ku nemo da kanku, amma dole ya fito daga bakin maigidan, ba daga sama ba.

Ƴan wasa kada su yi dariya kuma kada su yi ta yatsina fuska. Shi maigidan a tashin hankali yake na gaske, mu ne ke dariya. Ku ɗauki barkwanci daga ɗan nesa, a ga mai magana da wanda ake wa tare, kuma bayan kalmar ban dariya ku bar daƙiƙa biyu kafin yankewa. Kada ku bar kowa ya yi ta ƙara magana daga kansa: kamara ɗaya gare ku, in kalaman ɗauka ta farko suka saɓa da ta biyu, mai montaj, wato mai yanke hotuna ya jera su, ba zai iya haɗawa ba. Rago kuma ba ya jin umarni. A jinkirta masa kalaci kaɗan, wani ya tsaya bayan kamara da dusa, zai dubi inda kuke so. Ku aro shi bayan Salla, lokacin ba wanda ke tsoron ba da aro.

Malam Idi: Gaskiyarki Hajiya game da ƙara. Maganinsa a rage magana a tasha, a ɗauki hoton kawai da sassafe, maganganu a kai su lungu. A kowane wuri kuma a naɗi minti ɗaya na sautin wurin ba mai magana, da shi ake like gibi wajen montaj.

Abdu mai montaj: Na ban tsoro shi ya fi araha in kun riƙe ƙa'ida ɗaya: kada a nuna abin. Aljanin da aka shafa wa farar hoda dariya yake jawowa.

Ku ɗauki tsohuwar rijiya a gidan gado. Duk sanda aka ja guga sai ya fito da kayan wani na gidan, zobe ko takalmi, alhali kayan na jikin mai shi. Washegari a nemi mutumin a rasa. Sau biyu haka ta faru, mai kallo ya gane dokar. Na uku, yarinyar ta ja guga ta ga ɗankunnenta.

Wajen aiki, kada ku ɗauka cikin duhun dare, ƙaramar kamara tana cika hoto da ɗigo-ɗigo. Ku ɗauka daga faɗuwar rana, sai dai hasken nan kusan minti 20 ne kawai a ƙasarmu, don haka ku raba fitowar ga maraice uku, kaya iri ɗaya, wurin tsayuwa a yi masa alama a ƙasa. Fitilar caji ɗaya daga gefe, farin zane a ɗaya gefen ya maido haske kaɗan. In da gurup, wato injin ba da wuta, za ku kunna, ku kai shi nesa da doguwar waya. Kukan igiya a bakin rijiya da faɗuwar guga a ruwa, ku naɗe su daban da asuba, su ne rabin tsoron. In ana son jini, a dafa zoɓo da sukari ya yi kauri a zuba garin koko kaɗan, ja zalla yana fitowa kamar fenti.

Kuma don Allah kowa kada ya shiga rijiya ta gaske. Tsohuwar rijiya na tara iskar da ke sumar da mutum kafin ya yi ihu. Ku sa kamara a gindin tano da aka shafe cikinsa da baƙi tana duban sama, fuska ta leƙo, ya wadatar.

Baba Alhasan: Sanusi, na kasadar nan ka ajiye shi tukuna. Labarin ba wuya: yaro ya yi sakaci raƙumin babansa ya kuɓuce a kasuwar Lahadi, shi da abokinsa suka bi sawu har tafkin Tabalak. Wuyar ita ce kowace fitowa sabon wuri ce, kowane wuri kuɗin mai ne da na abinci da gaisuwar mai gari. Ga halin tsaro a arewacin jiha, ba a fita daji da kamara sai da takardar hukuma, jirgin ɗaukar hoto kuwa kada ma ku taɓa ba izini. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, kamara na kashe kanta. Lokacin hazo kuma iska na buga mikoro, ƙura na shiga gilashi. Marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fim wanda ya zauna a garin nan ya rasu a 2015, da zane da ƴan tsana ya yi wasu finafinansa, bai jira manyan kaya ba. Ku fara da abin da ke cikin gari.

Sanusi: Mun gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun karkata ga na rago. Yaya za mu kasa jaka 150 ɗin?

Abdu mai montaj: Ƙanena, jaka 40 abinci da ruwa na kwana huɗu, 30 katin ajiya na biyu da diski, 25 montaj, 15 mai, 10 abincin rago da goron mai shi. Jaka 30 da ta rage kada ku taɓa, ta ranar sake ɗauka ce, kuma za ku buƙace ta. Kowane dare ku kwafe abin da kuka ɗauka wuri biyu kafin ku goge kati, ku kuma saurari sautin da abin kunne tun ƴan wasa ba su watse ba.