Muhawara a Zauren Zango: Wai Lauyoyi Maƙaryata Ne?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Na gama karanta wani ƙagaggen labari na lauyoyin Landan masu farar hular gashi. Wani shahararren mawaƙi aka gurfanar a kotun Old Bailey, wai ya kashe direbansa. Tun ba a fara zama ba jaridu suka rabu gida biyu, masoyansa suka cika ƙofar kotu da kwalaye. Lauyansa ya yi ta juya mai gadin da ya ga abin da idonsa, har bawan Allah ya rasa ta cewa. Mawaƙi ya fita fes. Wallahi labarin ya fama mini ciwo. Ɗan yayata yana tsare tun bara waccan, kullum aka je sai a ɗage, lauyan da muka ɗauka kuma ba ya ɗaga waya sai ya ga MoMo, kuɗin da ake turawa ta waya, ya shiga. Mai suna da kuɗi shi ke da shari'a, a Landan ko a Accra. Lauyoyi duk maƙaryata ne.

Magajiyar Maamobi: Ɗana, duk fa ka ce? 'Yata tana makarantar lauyoyi ta Makola, da cinikin waakye nake biya mata. Ita ma maƙaryaciya ce ke nan? Ka janye.

Ɗan Nima: Hajiya, ba da ita nake ba, ai ba ta gama ba tukuna.

Magajiyar Maamobi: To in ta gama sai ta zama? Ka ga ka ƙara ɓata maganar.

Malam na Fadama: Hajiya a yi haƙuri, yaron nan yana da ɗan gaskiya. Aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana mutum ya zama mai jayayya don kare maha'inta. Wanda ya san mutum ya yi kisa, ya karɓi kuɗi ya miƙe ya ce bai yi ba, da wane suna za mu kira shi?

Ɗalibin Legon: Allah gafarta Malam, lauya ba ya rantsuwa cewa wane bai yi ba. Abin da yake ce wa masu gabatar da ƙara shi ne ku kawo hujja. Sashe na 19 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, ko ya amsa da bakinsa. Ko a wajenku malamai, hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kuma a shari'ar kisa a Babbar Kotu ba lauya ke cewa mutum ya yi ko bai yi ba, ba ma alƙali ba. Mutum bakwai ake ɗebowa daga cikin gari, su saurari shaidu su yanke. A Ingila sha biyu ne. Lauyan da aka kama ya shara wa kotu ƙarya yana iya rasa lasisinsa.

Malam na Fadama: Yaro, hadisi za ka koya mini? Ɓoye gaskiya da faɗin ƙarya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ɗalibin Legon: Ban isa ba Malam. Amma shiru daban, ƙarya daban.

Baban Trotro: Ku bar wahalar da kanku. An manta 2015 ne, da ɗan jarida mai bincike Anas ya ɗauko mutanen kotu a kyamara suna karɓar kuɗi, wasu har da akuya da doya? A watan Disamba na shekarar aka kori ashirin daga ƙananan kotuna.

Magajiyar Maamobi: Alƙalai ne waɗannan, ba lauyoyi ba. Kuma Anas ɗin da kake taƙama da shi lauya ne. Sai ka ce shi ma maƙaryaci ne mu ji.

Baban Trotro: Hajiya, alƙalan Babbar Kotu daga sama suka faɗo? Ai da rigar lauya suka fara.

Anti Sabon Zango: Ni dai tambayar farko nake so a koma, ko suna yana sayen shari'a. O.J. Simpson a Amurka, shahararren ɗan wasan da aka tuhuma da kisan mutum biyu, a 1995 ya tara manyan lauyoyi aka sallame shi, duniya na kallo a talabijin. A 1997, a ƙarar diyya da iyalan mamatan suka shigar, kotu ta ɗora masa dala miliyan 33.5. Mutum ɗaya, hukunci iri biyu. Me kuka gani?

Kawu na Aboabo: Lauyoyin Accra ne maƙaryata. Mu nan Kumasi lauya ya san gobe zai haɗu da kai a wajen suna ko jana'iza, yana jin kunya.

Ɗan Nima: Kawu, kunya a Kumasi? Ku da in Hearts ta ci Kotoko a filin Baba Yara sai ku ce alƙalin wasa aka saya.

Kawu na Aboabo: An saye shi mana. Kai tun kana tsumma muke kallon ƙwallo, kada ka kawo mini raini.

Ɗalibin Legon: Yaya Ɗan Nima, maganar ɗan yayarka. A da akwai laifuffukan da doka ta hana beli gaba ɗaya, har da kisa. Lauya ne, Martin Kpebu, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, a 2016 ta ce wannan hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Yanzu alƙali ke dubawa ya bayar ko ya ƙi. Jan shari'a kuwa ba ta bar kowa ba. Manjo Maxwell Mahama, soja guda, an kashe shi a Denkyira-Obuasi a watan Mayun 2017, sai Janairun 2024 aka yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai.

Malam na Fadama: Rai da rai! A kashe mutum da duwatsu, a kai masu kisan gidan yarin Nsawam a riƙa ciyar da su. Wannan ma aikin lauyoyi ne.

Baban Trotro: Aikin Sosu ne, ɗan majalisar Madina. Shi ya kawo ƙudurin soke hukuncin kisa, majalisa ta amince a Yulin 2023. Ɗan jam'iyyar NDC, kuma lauya.

Magajiyar Maamobi: Wa ya sa hannu ta zama doka? Ba Akufo-Addo ɗinku ba, shugaban ƙasa na lokacin? Shi ma ai lauya ne. Kuma tun 1993 rabon da gwamnati ta zartar wa wani da kisa a Ghana, kowace jam'iyya ta yi mulki a tsakani.

Baban Trotro: Hajiya, ki bar sunan tsohon shugaba a nan. Kowa ya san hular da kika saka ranar zaɓe.

Magajiyar Maamobi: Na saka, gobe ma zan saka. Kai da ka ci mini bashin waakye tun kafin azumi, kai ne za ka yi maganar gaskiya da ƙarya?

Anti Sabon Zango: Ba wanda zai amsa mini ke nan?

Ɗan Nima: Jama'a, yaron fa yana ciki har yanzu. Wa ya san hanyar ofishin da ke ba talaka lauya kyauta?

Kawu na Aboabo: A fara janye maganar Kotoko.

Alhaji Shugaban Zaure: To ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da zaure ya tsayar. Kowa ya yarda aikin lauya aikin mutunci ne, ba a samu ko mutum ɗaya da ya kawo hujjar ƙarya ba. Malam ma in aka lura bai ce maƙaryata ne ba, nasiha ya yi. Ɗan Nima zai ba yayata Magajiya haƙuri a nan cikin zaure, domin yarinyar da ya taɓa 'yarmu ce, ni na raka ta ranar da ta fara karatu. Akuya da doya tsohon zance ne. Soke hukuncin kisa alheri ne, kuma an ga ɗan majalisar da ya kawo shi da jam'iyyarsa. Maganar ƙwallo, Kawu babba ne amma kowa ya san Hearts ce gaba. Daga yau an hana siyasa a nan. Wanda bai biya kuɗin wata ba, sidi ashirin ne, a turo kafin Juma'a.