Wai kyamarar da ake ɓoyewa a mota ba ta kama babur?

Mai Jan Babur: Salam jama'a, akwai abin da ke cin raina tun jiya. Takardar tara ce ta iso min gida, wai an kama ni ina gudun kilomita 95 a awa a inda ƙa'ida 80 ce. Kuma ba irin kyamarar nan da ke kafe a bakin titi ba ce, irin wadda ake sakawa a cikin mota a faka gefen hanya ce, yau nan gobe can. Na tuna motar ma, fara ce, tana ƙarƙashin wasu bishiyoyi da ka fito daga kwana, na wuce ta ban kawo komai a raina ba. To ni tun da na fara hawa abin da nake ji a bakin manya shi ne kyamarar nan ba ta iya kama babur, saboda lambarmu a baya take ita kuma gaba take kallo, ga hular kwano ta rufe fuska. Ta yaya aka yi suka san ni ne? Ni dai ina ganin ko kuskure ne ko kuma tarkon karɓar kuɗi ne kawai, don ni 90 na gani a agogona.

Dogo: Tarko ne wallahi, kar ka biya ko sisi. In don kare rai suke yi me ya sa za su ɓuya a bayan bishiya?

Bakanike: Ƙanena sannu, amma bari mu raba maganar biyu don ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Zancen ba ta kama babur yana da asali, ba ƙarya aka ƙirƙira ba. A ƙasashe da yawa babur lamba ɗaya gare shi a baya, Ingila ma tun 1975 ta daina tilasta lambar gaba, don haka kyamarar da ke kafe tana ɗaukar gaban abin hawa kawai ba ta samun komai sai fitila da hular kwano. Daga nan maganar ta samo tushe. Amma ta cikin mota akwai mutum zaune a bayanta, yana auna ka tun kana nesa, kana zuwa ka gifta ya bi ka da ido ko da kyamara ya ɗauki lambar bayan, in kuma bayanka ka ba shi tun farko ai ka sauƙaƙa masa aiki. Duba takardar da kyau, babu hoto?

Mai Jan Babur: Akwai Yaya, ƙarami ne a ƙasan takardar. Bayan babur ɗin ne, ana ganin lamba da jakar da na ɗaure a kan kujera da roba, ga 95 an rubuta a gefe da lokaci.

Bakanike: To ka ga an wuce wajen "ba ta kamawa".

Dogo: Hoto ya nuna ya bi hanyar, bai nuna gudun nasa ba ne. Yaya, na'urar nan in babbar mota na bayansa ko gefensa ai ita za ta ɗauka ta maƙala wa mai babur, ni na sha jin haka kuma da hankali ma za ka gane, babur ɗan siriri ne, tirela kuwa ta cika hanya.

Ɗan Lissafi: Dogo a nan kana da gaskiya rabi. Na'urorin iri biyu ne. Akwai rada, wadda ke aika igiyar rediyo ta bugi abin hawa ta dawo, sai ta auna yadda igiyar ta canza, irin yadda kake jin ƙarar jiniya tana siriri in tana nufo ka sai ta yi kauri in ta wuce, Christian Doppler ne ya bayyana wannan tun 1842. Ita rada igiyarta tana bazuwa da faɗi, don haka in abin hawa biyu suka shiga ciki tare za a iya samun ruɗani, shi ya sa ake haɗa ta da hoto ko wata hanyar tabbatarwa. Ta biyun ita ce leza, wadda jami'i ke saita ta kamar bindiga, haskenta siriri ne, a nisan mita 300 faɗinsa bai wuce kamar mita 1 ba, tana auna tazararka sau da yawa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta fitar da gudu. Da ita yana iya tsamo babur ɗaya daga cikin jerin motoci. Ita ma tana da nata aibin, in hannun mai riƙewa ya zame hasken ya ja a jikin abin hawa tana iya nuna gudun da ba daidai ba. Sai dai akwai abin da mutane ba su sani ba, kasancewar motar a gefen titi take ba a gabanka sak ba, wannan karkatar rage gudun da na'urar ke nunawa take yi, ba ƙarawa ba. Ɗan'uwa, a hoton akwai wata mota kusa da kai?

Mai Jan Babur: Babu Malam, ni kaɗai ne a titin. Amma ni 90 na gani, wannan ba zan janye ba.

Bakanike: Toh nan ne wajena. Agogon gudu daga kamfani ana yin sa ne ya ɗan ƙara maka, ba ya ragewa. Ƙa'idar da Turai da ƙasashe da dama ke bi ta ce kada ya taɓa nuna ƙasa da ainihin gudu, amma yana iya nuna sama har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Kenan in bai taɓu ba, ka ga 90 to ainihin gudunka tamanin da 'yan kai ne. Amma ina da tambaya ɗaya, ka taɓa canza girman taya, ko faifan haƙoran nan na gaba da sarƙa ke hawa kai?

Mai Jan Babur: Na canza faifan bara, daga mai haƙori 15 zuwa 16, don injin ya daina ihu a doguwar hanya.

Bakanike: Ai shi ke nan. Babura da yawa daga wajen giya suke ɗaukar lissafin gudu, ba daga taya ba. Ka ƙara haƙori ɗaya, taya na juyawa fiye da da kusan kashi 7 cikin ɗari, agogo kuma bai san ka yi ba, yana nan yana lissafi da tsohon faifai. Wannan ragowar da kamfani ya bar maka ka cinye ta. Na ga wannan a hannuna ba sau ɗaya ba, mutum ya zo yana rantsuwa agogo ya ce kaza, mu sa manhajar taswira a waya mu gwada a miƙaƙƙiyar hanya sai jikinsa ya yi sanyi. Sannan ka gaya min tsakani da Allah, 90 ɗin a cikin kwana ka gani ko bayan ka fito ka murɗa totur?

Mai Jan Babur: A cikin kwanar ne na kalla, gaskiya.

Dogo: Duk na ji, a ce ma ya yi 95 ɗin. Ni tambayata ba a amsa ba. In burinka in rage gudu, ka sa allo in gani in rage, an gama. Amma ka ɓuya ka bar ni in yi gudun in wuce, bayan sati biyu ka aiko min takarda, to ran nan wa ka ceta? Da yaro ya tsallako a lokacin ai kyamararka hoto kawai za ta ɗauka. Kuma ba ni kaɗai ke faɗin haka ba. A Ingila kyamarorin da ke kafe fenti rawaya ake shafa musu don a gan su daga nesa. A Ostareliya jihar da Sidni take ta cire allunan gargaɗin kyamarar tafi-da-gidanka a ƙarshen 2020, tara ta yi ta hauhawa, mutane suka yi ca, dole aka dawo da allunan a farkon 2023. A Kanada lardin Ontariyo ya kawo irin wannan a 1994, sabuwar gwamnati ta soke shi a 1995. Su duk ba su san darajar rai ba ne?

Ɗan Lissafi: Misalan nan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma sun nuna mutane ba sa son abin ne, ba su nuna ba ya aiki ba. Kai kanka ka san abin da muke yi da kyamarar da ke kafe, kowa ya haddace inda take, a taka burki mita ɗari kafin ta, ana wucewa a buɗe wuta. Ita ta tafi-da-gidanka amfaninta kenan, ba ka san inda take ba don haka hanyar gaba ɗaya kake kiyayewa, ba don ranar da aka kama ka aka yi ta ba, don sauran ranakun ne. Kuma mu duba me ƙarin gudun kilomita 15 ɗin nan ya saya masa. Tafiyar kilomita 10 a kan 80 minti 7 da rabi ce, a kan 95 minti 6 da daƙiƙa 19. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya samu. Ga abin da ya bayar a madadi, a kan 95 kowace daƙiƙa yana cin mita 26, kuma nisan tsayawa bayan kama burki ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake, 95 na buƙatar kusan kashi 40 cikin ɗari fiye da 80. Ku ɗauka mutum biyu sun kama burki a wuri ɗaya da ƙarfi ɗaya, a daidai inda mai 80 ya tsaya cak, mai 95 yana nan a kan gudun kusan 51. Da wannan 51 ɗin zai daki abin da ke gabansa, kuma a babur babu ƙarfen da ya kewaye ka.

Anti Nas: Ni ban san rada ban san leza ba, amma ina karɓar waɗanda ake kawowa asibiti. Ƙanena, ranar nan aka shigo da wani matashi da hular kwanonsa a hannun wanda ya kawo shi, ta tsage daga goshi har ƙeya, igiyar haɓar tana ɗaure yadda ya ɗaura ta da safe. Ya yi duk abin da ake cewa a yi, hula, safar hannu, takalmi, gudun ne kawai ya fi ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Ni da takarda ce ta riƙa zuwa gidajen nan maimakon wayar da muke bugawa, wallahi da na fi kowa murna.

Dogo: Anti Allah ya saka da alheri, ba na jayayya da abin da idonki ya gani. Amma a sa kyamarar a inda ake mutuwa, gaban makaranta, mahaɗa, mugun kwana. Ba a gangara mai faɗi inda babu gida babu mutum, inda babur da kansa yake ƙara gudu ba. In aka zaɓi inda ya fi kawo tara aka bar inda ya fi kawo gawa, ni har gobe tarko zan kira shi. Faransa ma da ta rage ƙa'idar hanyoyin karkara daga 90 zuwa 80 a Yulin 2018, ta kuma ba kamfanoni masu zaman kansu tuƙa motocin kyamara, ba ku ga yadda aka farfasa kyamarorin bakin titi lokacin zanga-zangar masu rawayar riga ba?

Ɗan Lissafi: Zancen wurin da ake ajiyewa ina tare da kai ɗari bisa ɗari, ya kamata hukuma ta iya nuna dalilin da ya sa ta zaɓi wuri. Na Faransa kuma a cika maganar, kamfanonin nan ba a biyansu da yawan waɗanda aka kama, direban ma ba ya ganin wanda na'urar ta ɗauka.

Mai Jan Babur: To saura maganar fuska. Hular kwano ta rufe, in na ce ba ni ne a kai ba fa?

Baba Tsohon Direba: Yaro kar ka soma. Na farko ƙarya ce, kai ka gaya mana kai ne. Na biyu doka ta bambanta, a Jamus sai an tabbatar da wanda ke tuƙi, shi ya sa masu babur kan kuɓuce a can, amma a Ingila takardar mai abin hawa ake aika wa kuma wajibi ne ya faɗi wanda ke kai, in ya ƙi wannan laifi ne daban, in ya laƙa wa wani kuma har gidan yari ana zuwa. Ka duba dokar inda kake. Abin da yake haƙƙinka shi ne ka nemi cikakken hoton ko bidiyon, ka nemi shaidar ranar da aka gwada na'urar aka tabbatar da saitinta, ka koma wurin ka ga ko allon 80 ɗin yana tsaye ana ganinsa ko ganye ya rufe shi. Kuma ka kula da wa'adin da aka rubuta a takardar, kar ka bari ya wuce kana muhawara da mu.

Dogo: Allon nan ka fara dubawa. In ganye ya rufe shi kana da magana.

Mai Jan Babur: Na gode Baba, na gode kowa. Allon na san shi, a fili yake, kullum ina wuce shi. Zan nemi hoton da shaidar gwajin don hankalina ya kwanta, in sun fito daidai zan biya kafin wa'adi. Har yanzu dai ina tare da Dogo a kan ɓuya a bayan bishiya, bai kwanta min ba. Yaya Bakanike, ranar Asabar zan kawo maka babur ɗin mu gwada agogon da waya, in ya nuna yana ragewa ka mayar min da mai haƙori 15 ɗin, yana nan a akwatin kayan aikina ban jefar ba.

Bakanike: Kawo shi da safe kafin a cika, ka zo da tsohon faifan in ga ko haƙoransa ba su cinye ba.