Ƙaramin sirdin kaboyi na dokin ado: wace fata, wane gam?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum manyanmu. Za a yi wa dokin roba na kamfanin Breyer, babban samfurin nan na 1:9, sirdi irin na kaboyin Amurka. Wace fata ta dace? Wadda ke hannu ta jaka ce, ta ƙi lanƙwasuwa a kan kwacciya.

Baduku: Wa alaikumus salam. Kauri ne matsalarka. Komai na sirdin gaske raba shi gida 9 za ka yi. Kirgin da ake yin sirdin kaboyi da shi yakan kai milimita 5 zuwa 6, ka ga naka ya kamata ya zama wajen milimita 0.6. Masu sayarwa a waje suna kiranta fata mai oza 1 zuwa 2. Mazauni mai inci 16 zai dawo santimita 4 da rabi. Igiyar linzami kuwa tsawo santimita 27, faɗi bai cika milimita 2 ba.

Sannan ka duba jimar. Yanki gefen fatar: in ka ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi mai toka, jimar kemikal ce, ba ta riƙe zane ko ka kwana kana bugawa. Nemi jimar bagaruwa. Ɗiga mata ruwa, in ta shanye ta yi duhu, ita ce.

Mai Basilla: Gaskiya ne Baba, sai dai a ƙara da wannan. Fatar akuya ta Majema tana da ƙarfi ko an fere ta sosai, ta yi kyau a igiyoyi da ragama. Amma idonta manya ne, a ɗan ƙaramin sirdi sai ta yi kamar mai ƙuraje. Fukafukan da ke riƙe likkafa da shimfiɗar ƙasa, fatar ɗan maraƙi ta fi santsi.

Ɗan Koyo: To yaya ake rage kaurin ba a huda ta ba, Yaya?

Mai Basilla: Sabuwar reza, a kan gilashi ko tayil, ta bayan fatar. Kwantar da rezar sosai, kana turawa zuwa baki kaɗan-kaɗan. Da ta fara jan fatar maimakon yanka, canza ta. Dakusasshiyar reza ce ke yaga. Inda zai naɗe kwacciyar baya da ƙahon gaba, sai ya yi kamar takarda.

Baduku: Zane kuma kafin a haɗa ake yi. Shafa ruwa da soso, ka jira launin ya kusa komawa yadda yake. In ta jiƙe sharkaf zanen cikewa yake yi, in ta bushe ba ya kamawa. Manna salatif a bayanta tukuna, in ba haka ba ta miƙe, fiffiken dama ya fi na hagu tsawo. Ƙusa da aka goge kanta da zarto ta isa abin bugawa.

Hajiyar Zare: Ku bar sufa gulu a kan fata, yana ƙandarar da ita ya bar farin tabo. Farin gam na katako da tsinken sakace ya wadatar, amma a kankare wurin in an riga an shafa abin sheƙi, don ba ya kamawa a kai. Majayi kuma zaren surfani ake jerawa tsakanin zobba biyu, tsawo wajen santimita 9. Ƙananan zobba da ƙashin sirdin, kamfanin Rio Rondo a Amurka na sayarwa. Likkafa, yanki gwangwanin lemo ka lulluɓe da fata.

Mai Basilla: Ɗana, rini shi ne mai ɓata doki. In ka rina sirdin, bar shi ya kwana, ka goge da farin ƙyalle har ya daina fita, ka rufe ciki da waje da abin sheƙi. Ko da haka kada sirdin ya daɗe a bayan farin doki, ballantana da zafi. Tabo in ya fito, kada a kusanto shi da abin goge farce, narkar da robar yake yi.