Aliens: na sinima ko mai tsawo, wanne ya kamata a fara kallo?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Fim ɗin Aliens na James Cameron, wanda ya fito a 1986, kashi biyu ne a kan faifai: na sinima mai minti 137, da Special Edition mai minti 154. Me aka ƙara a minti 17 ɗin nan, kuma wanne ya dace da wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba? Sannan akwai kwafin da ke nuna minti 148 kacal. An yanke shi ne, ko kashi na uku ne?

Baban_Faifai: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manyan ƙarin guda uku ne, sauran ƴan gutsattsari.

Na farko yana zuwa tun kafin Ripley, jarumar fim ɗin, ta zauna gaban kwamitin binciken kamfani. Burke, ma'aikacin kamfanin, ya nuna mata hoton ƴarta Amanda, wadda ta tsufa ta rasu tana da shekara 66, a tsawon shekara 57 da Ripley ta yi tana barci a kumbo. Ta riƙe hoton tsohuwa mai furfura, tana tuna alkawarin da ta yi na dawowa kafin yarinyar ta cika shekara 11. Fitowar gajeriya ce, amma ita ce ƙashin bayan labarin. In babu ita, riƙon da Ripley ta yi wa Newt, ƙaramar marainiyar da ta tsira daga dodannin, tausayi ne kawai. In akwai ta, uwa ce da ta rasa ɗiya, ta ƙi yarda ta rasa ta biyu, har karonta da sarauniyar dodannin ya koma uwa da uwa. A ganina cire ta asara ce babba.

Na biyu shi ne matsugunin Hadley's Hope, garinsu Newt a wata duniyar, tun yana cike da jama'a, yara na wasa a hanyoyin cikin gini, iyayen Newt suka fita da mota suka tarar da tsohon kumbon da ƙwayayen dodannin ke ciki, aka dawo da uban da wata halitta manne a fuskarsa. Na uku bindigogi huɗu ne masu harba kansu da sojojin da aka tura matsugunin suka girke a hanyoyin shiga, kowace da harsashi 500. Ba a cika nuna dodannin ba, lamba kawai kake kallo a allo tana gangarowa zuwa sifiri.

Hajiya_Tace: Malam Baban_Faifai, na yarda da kai kan Amanda, amma fitowar matsugunin tana ɓata wa sabon mai kallo. A na sinima, labari kawai ake ba mu cewa an daina jin ɗuriyar mazauna. Mu da sojojin muke shiga tare, ruwa na zuba, ƙofofi a toshe, abinci an ci rabi an bari, ba wanda ya san abin da ya faru. Newt ma sai ta ɓullo ba zato. A mai tsawo kuwa ka riga ka san wurin, ka san yarinyar, ka ga farkon bala'in, don haka sojoji na lalube kai kana jiran su cim maka. Ga shi tana jinkirta tafiyar fim ɗin da dama yake ɗaukar lokaci kafin a fara artabu. Shawarata: na sinima da farko, mai tsawo a kallo na biyu.

Injiniya_24: Batun minti 148, ba a yanke komai ba. Ana ɗaukar fim da hoto 24 a sakan ɗaya, tsarin talabijin na PAL kuwa yana nuna 25. Idan aka zuba fim a DVD na PAL sai ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Lissafa: 154 sau 24 a raba da 25, ka sami kusan 148. Na sinima kuma ya koma wajen 131. Murya ma takan ɗan ƙara siranta. Blu-ray ba ya da wannan matsalar, yana tafiya a 23.976.

Saboda haka kada ka dogara da tsawo kaɗai. Duba adadin hoto a sakan cikin bayanan fayil, sannan ka nemi fitowar hoton Amanda. In tana nan, mai tsawo ne.

Wannan ne kuma ke rikita rubutun fassara na ƙasan allo. In yana daidai da farko, sai ya yi tsalle lokaci guda bayan wata fitowa, to na ɗaya kashin ne, kuma matsar da shi ba zai yi magani ba, domin kowane ƙari zai sake jefar da shi. In kuwa a hankali yake zamewa, kusan sakan biyu da rabi kowane minti, bambancin 24 da 25 ne, sai ka sauya saurinsa a manhajar gyara irin Subtitle Edit.

Baban_Faifai: Haka ne, Injiniya. Ƙari ɗaya ga mai kwafe Blu-ray zuwa kwamfuta: kashi biyun suna faifai ɗaya, an yayyanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, kowane kashi da jerin da yake bi. Wanda ya ɗauki fayil mafi girma kawai zai tashi da guntun fim. Buɗe faifan da manhajar MakeMKV, ka zaɓi mai awa 2 da minti 17, ko mai awa 2 da minti 34.