Injin tafkin ninkaya yana aiki amma ruwa ba ƙarfi

Mai_Kula_da_Tafki:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Tafkin ninkaya ne a wani masaukin baƙi, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita 1.5. Injin tura ruwan mai ƙarfin doki ɗaya ne, da tankin yashi na tace ruwa. Kwana huɗu ke nan ruwan da yake dawowa cikin tafkin ya rage ƙarfi, da ƙyar ake jin sa a tafin hannu, tafkin kuma ya soma dusashewa. Na wanke yashi har sau biyu, ba canji. Allurar gejin tankin, mai auna matsin ruwa, tana kan 5 psi, alhali da a kan 13 take zama. Mai gida ya ce a sayo mai doki ɗaya da rabi. Ko hakan ne mafita?

Usman_Falamba:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ku sayi komai tukuna. Tafkinku lita 48,000 ne, kuma lafiyayyen injin doki ɗaya yana juya wannan ruwan gaba ɗaya cikin awa huɗu ko biyar.

Gejin nan ya riga ya gaya maka inda za ka duba. In yashi ne ya toshe, allura sama take yi, ba ƙasa ba. Tunda ta faɗo daga 13 zuwa 5, ruwan ne ba ya isowa injin, ko kuma injin ba ya iya tura shi. Wanke yashi ba zai yi maganin wannan ba, ɓarnar ruwa da kilorin kawai ake yi.

Fara da ruwan tafkin: ya kai tsakiyar bakin akwatin da ke zuƙo ruwa? In ya yi ƙasa, iska injin yake sha. Duba ɗan murfin da ke lilo a bakin akwatin, yakan maƙale a tsaye. Sai ka zazzage kwanduna biyu, na akwatin da na gaban injin.

Daga nan ka kunna, ka leƙa ta murfin nan mai garai-garai na tukunyar da kwandon injin yake ciki. Ya kamata ka ga ruwa cike taf. In ka ga yana tafasa da kumfa, ko kumfa na fita ta bututun da ke mayar da ruwa, iska na shiga. Galibi zoben robar murfin ne ya bushe ya tsage. A shafa masa man silikon, kada a sa basilin, yana kumbura roba. In ba nan ba ne, riƙa zuba ruwa a kan mahaɗan fayif ɗaya bayan ɗaya; inda kumfar ta lafa, nan ne ɓarakar.

Injiniya_Zariya:
Na yarda da Malam Usman, sai dai ni farfela na fi zargi, wato fankar da ke tura ruwa a cikin injin. In kwandon injin ya tsage ko ba a zaunar da shi daidai ba, ganye da 'ya'yan darbejiya da guntun leda sukan wuce su cushe ramukan farfela. Injin zai yi ta juyawa da sautinsa mai daɗi, ruwa kuwa babu.

Kashe wuta daga babban makunni, ba daga jikin injin kaɗai ba. Rufe bawul, cire kwando, zura yatsa ta ramin da ke bayansa, za ka taɓo bakin farfela. Lanƙwasa waya ka ƙwaƙulo abin da ke ciki. In ya ƙi, sai an kwance kusoshi an zare motar lantarkin da ke juya farfela. Kafin ka sake kunnawa cika tukunyar da ruwa, domin in ya yi gudu a bushe sil ɗin da ke hana ruwa yoyo yana ƙonewa.

Wani gwaji mai sauƙi: kashe injin, juya hannun bawul ɗin tanki zuwa Recirculate, ka kunna. A nan ruwa yana kewaye yashi. In ƙarfi ya dawo, laifin tanki ne. In bai dawo ba, tanki ba shi da laifi. Kada dai a taɓa juya hannun nan injin yana aiki, robar ciki ce za ta yage.

Mai_Wuta_Kabiru:
Ku duba wutar ma. Karanta farantin da ke jikin motar. Wadda aka yi wa Amurka 60Hz ce, wato saurin bugun wutarsu, tana juyi kusan 3,450 a minti. Wutarmu 50Hz ce, sai ta sauko wajen 2,850, ruwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Amma wannan tun ranar farko ake gane shi, ba rana tsaka ba. Abin da ke zuwa rana tsaka shi ne janareta da aka rage wa gudu, ko mota mai layin wuta uku da aka musanya wa waya biyu, sai ta riƙa juyawa da baya. Akwai kibiya a jikinta mai nuna ɓangaren da ya kamata ta juya, a gwada da fankar baya. In kuwa gurnani take yi ba ta tashi, a auna kafasita, ɗan abin da ke taimaka mata ta tashi.

Mai_Kula_da_Tafki:
Allah ya saka da alheri. Kumfa babu, Recirculate ma bai canja komai ba. Da na cire kwandon sai na ga ya tsage ta gindi. Abin da na ƙwaƙulo daga farfela ya kusa cika cokali uku, 'ya'yan darbejiya da zaren buhu. Allura ta koma 12. Kwando zan sayo gobe, in sha Allah.

Usman_Falamba:
Madalla. Rubuta 12 ɗin nan da maka a jikin tankin. Ranar da allura ta kai 20 zuwa 22, sai ka yi Backwash, wato wankin yashi, na minti biyu zuwa uku har ruwan ɗan gilashin da ke jikin bawul ɗin tanki ya washe, ka bi da Rinse, wato ɗauraya, na rabin minti. Da hunturu ƙura za ta sa ka riƙa kaiwa can da wuri. Ka tafi kasuwa da tsohon kwandon a hannu, don girmansu ba ɗaya ba ne.