Dokina ya cika zumuɗi a doguwar tafiya, ya zan yi da shi?

Mai_Akawal:
Salam 'yan uwa masu harkar doki. Ina da ingarma ɗan shekara biyar, lafiyarsa lau amma in muka fita doguwar tafiya da abokai wlh ba ya yarda wani doki ya sha gabansa, tun daga bakin barga yake fizgar linzami yana rawa yana kumfa, kafin a yi nisa ya jiƙe sharkaf, a dawowa kuma har tuntuɓe yake don gajiya. Na sa masa linzami mai kaifi abin sai ƙaruwa yayi. Don Allah shawara.

Tsohon_Barga:
Yaro fara cire linzamin nan, baki kawai za ka fasa masa, doki in ya ji zafi ƙara ja yake. Sannan me kake ba shi? In gero da dawa kake cika masa, yana ɗaure a turke sati guda sai ran Asabar a fito, ai dole ya yi hauka. Rage tsaba, ƙara harawa da ciyawa, kullum a fita kilisa ko ta rabin awa ce.

Ɗan_Sukuwa:
Baba ya gama magana. Ƙari na, in ya fara ja kar ka ja da hannu biyu, ja gefe ɗaya ka juya shi ya yi ta zagaye har ya sauke kai, yana saukewa ka sassauta nan take, a sassautawar yake gane abin da kake so. Ka samu tsohon doki mai sanyi ku dinga fita ku biyu, yau kai a baya gobe kai a gaba. Kuma a daina sukuwa in an doshi gida!

Ummu_Kili:
Ku duba masu gasar nisa a Dubai, kilomita 160 suke yi a rana ɗaya, kuma duk zango likita na auna bugun zuciyar doki, in bai sauko 64 a minti ba cikin lokacin da aka ɗiba an cire ka ko kai ne na ɗaya. To doki mai zumuɗi a nan yake faɗuwa. Ka koya masa tsayawa cik da shan ruwa a hanya, ka dinga tsunkular fatar wuyansa, in ba ta koma da wuri ba ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Mai_Akawal:
Na gode ƙwarai. Baba kanwar fa, ita ma in rage ko in bar masa yadda take?