Lesin kimiyya na yamma ba tare da ɗakin gwaji ba

Tambaya: Malamai, 'yan ƙaramar sakandare ne, minti 45 kacal kafin Islamiyya. Da me za a fara?

Amsa: Malam, da zoɓo. A jiƙa cikin tafi ɗaya a ruwan zafi, a tace, a raba kofi uku. Lemun tsami zai ƙara masa ja, ruwan kanwa ya mai da shi kore-kore, na uku a bar shi don kwatanci. In ya yi kauri canjin ba ya fitowa, sai a sirka.

Amsa: Lissafi ma ya samu shiga. Su ƙirga ɗigon kanwa nawa ya juya launin, sau uku, su fitar da matsakaici.

Amsa: A nemi kofi garai-garai, na silba ɓoye launi yake. Kuma kada rukuni ya wuce yara biyar, in ba haka ba biyu ke aiki, sauran kallo.